Kwali Na Ƙetare Gada, Jikar Kaka Ba Ta Ƙetarewa

"Mama, idan na shiga kwali kika liƙe bakinsa, za su kai ni wurin Kaka?"

Tambayar da 'yata mai shekara biyar ta yi mini ke nan jiya, ina ɗaura mata takalmi. Na yi dariya. Da na dawo daga kasuwa dariyar ta ƙare, don a cikin kwalin firji na same ta bayan shagon maƙwabcinmu, rungume da 'yartsana da gorar ruwa, tana jiran mota.

Mahaifiyata a tsallaken gada take, a ƙasar maƙwabta. Daga saman gidanmu muna hango shanyarta. Tun da Masu Girmanmu suka ɓata da Masu Girmansu aka garƙame gadar, rediyo ya ce mutanen can maƙiya ne. Muka ce to. Na kwana 'yar tsohuwa, na tashi 'yar maƙiyiya.

Kwatsam sai ga wani kamfani daga bayan teku, yana son kayansa su riƙa wucewa. Ranka ya daɗe Sarkin Fushi namu da Sarkin Fushi nasu suka rungume juna a talabijin har da ƙwalla, wakilin kamfani a tsakiya yana miƙa musu almakashin yanke ƙyallen buɗe gada. Aka buɗe gada. Ga tireloli kaɗai.

Na je wurin mai gadin gadar. "Yallaɓai, an shirya ne ko ba a shirya ba?"

"Hajiya, ta fuskar kaya an shirya. Ta fuskar mutane ana nan ana gaba."

"Uwata ce ba lafiya."

"Allah Ya ba ta lafiya. Tana da hatimin kamfani?"

Mai shagon da ya taya ni ciro yarinyar daga kwalin jiya cewa ya yi, "Maman yarinya, kada ki dake ta. Ni ma na gwada kwalin, tumbina ne ya hana. Ƙanina na can tsallake."

Gaskiya shugabanninmu sun cancanci yabo. Abin da zumunci da kukan tsofaffi suka kasa, sabulu da taliyar baƙi sun yi shi. Saura a taimaka a mayar da mu kaya.

Iyaye mata, ba wasa nake ba. Yaranku na kallon tirelolin nan, kuma sun gane wanda ake daraja. Duk kwalin da yaro zai iya shiga, ku yayyaga shi yau. Wanda za a ɗora a mota kuwa, ku ƙwanƙwasa tukuna, ku ji ko zai amsa da "Na'am, Mama."