Fiton da Na Raka Surukina da Shi

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kusa raba ni da Hadiza ba.

Shagon cajin waya gare ni a Rano, ina kuma tura wa mutane fina-finai. Kullum yara na cika min shago suna kallon katun, irin wanda in wani ya faɗo daga sama sai ka ji fito ya rako shi, fiiiuuu, har ƙasa, sannan tim. Tun ina hana su kwaikwayo har ni ma na kamu. Cokali ya faɗi, fito. Tumatir ya gangaro daga tire, fito. (Innata ta sha gaya min fito kiran shaiɗanu ne, na yi kunnen uwar shegu.)

Ana gab da sa mana rana na je Durba gaida mahaifin Hadiza, Malam Sule, limamin unguwarsu. Dattijo ne da ba ya son wargi, kuma natsuwata, in ji shi, ita ta sa ya ba ni 'yarsa. Na tarar da shi a kan tsani yana shanya barkono a saman zaure. Na durƙusa na ce, "Barka da aiki, Malam."

Sai tsanin ya zame.

Wallahi salati na yi niyya, bakina ne ya riga ni. Na raka surukina da fito tun daga sama har kan tarin harawa, kuma (Allah ya yafe min) ko "tim" ɗin ban rage ba.

Maƙwabtan da suka taho da gudu suka tsaya suna kallona. Malam ya tashi zaune, ganyen wake a rawaninsa, ya dube ni.

"Yaro, kai ne?"

"Ni ne, Malam. Sannu."

"To. Ai mun ji sannun farko."

Ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Aka ɗage sa rana. Kawuna ya yi ta zarya zuwa Durba yana rantsuwa cewa ƙalau nake, ba ni da iska, sannan aka ɗaura aure bayan kaka. Har yau Malam bai tayar da zancen ba, sai dai in zai hau tsani yakan tambaya ko ina gari.

Ni kuwa tun daga ranar ba na shiga gidan surukai sai na cika bakina da goro.