Gwajin Da Ban Koma Ba

Bayan haihuwa ta shida, wadda ta wahalar da matata Hajara, na je asibiti a Birnin Kebbi aka ɗaure mini jijiyar maniyyi don mu tsaya haka nan. Likita ya ce aikin ba ya kamawa nan take, in kiyaye, in dawo gwaji bayan wata uku. Na gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya karance komai a waya. Ban kiyaye ba, ban kuma koma ba.

Ranar da Hajara ta ce tana da ciki, na miƙe tsaye na tambaye ta na wane ne.

"Mi ka ce, Malam?" Ta yafa mayafinta. "Taho ka maimaita gaban Baba."

Na bi ta Argungu ina huci. A zauren surukina na maimaita, har da bayanin aikin da ba wanda ya san na yi. Tsohon bai ɗaga murya ba, ya dai sa ƙanenta Bello ya raka ni asibiti.

Likitan ya lissafa watannin cikin, ya ce nawa ne, ya shiga tun kafin aikin ya kama, ya wanke ni tas da faɗa, Bello na tsaye yana saurare.

Sai da na durƙusa wa kowace gwaggo kafin Hajara ta dawo, kuma har yau ba ta gama hucewa ba. Amma Bello ne ke ƙona mini rai. Duk zuwansa gidanmu a Badariya sai ya ɗaga yarinyar da Hajara ta haifa sama a gaban jama'a.

"Taho, ɗiyar baƙo! Kai, baƙon nan ya yi kama da Malam, har kunnuwan."