Robon Gamaliyel Ya Haihu

"Ni fa ba mekanisiye ba ne, injiniya ne," in ji Gamaliyel yana buga ƙirji. "Robo guda zan ƙera, mutum-mutumin ƙarfe mai aiki da kansa, sauran shi zai haifo su. Kafin damina ba mai sake riƙe hauya a Urafane."

Ka san ko wane ne? Mai gyaran moto ne, wato babur, na bakin kasuwa, wanda in ya kwance inji ya mayar, sai noti uku sun yi saura. A telefon ya ga robo masu haihuwa, 'ya'yan su canza jiki su fi iyayen, shi ke nan kansa ya kumbura.

Ya haɗa tankin moto da batir da ƙafafun keken ɗinkin matarsa Keziya, ya kifa butar shayi ta zama kai. Ran kasuwa ya kunna shi gaban jama'a. Taku uku, buta ta faɗo.

"Canza jiki yake," in ji Gamaliyel.

Hannun robon ya ɓalle, ya kifar da ƙwaryar Hamsatu mai tallar nono.

"Ya ga ba ya bukatarsa ne."

"To nonona fa, Sarkin Noti?" in ji Hamsatu. "Shi ma canza jiki ya yi?"

Gogan naka bai karaya ba. Ya ɗauki abinsa ya sa a rumbu, ya zuba masa notuna da waya, ya liƙe bakin.

"Baban Lazaru, irin wakenmu na ciki fa," in ji Keziya.

"Mai ciki ba ta son leƙe. Kwana arba'in, kar wanda ya taɓa."

Mako uku sai ga motsi, ƙwas-ƙwas. Gamaliyel ya kasa zaune. Ranar cika arba'in ya sa rigar majami'a, ya gayyato fasto da mai gari, har da mai ganga. Ya buɗe rumbu, ya jawo tankin.

Ɓeraye goma sha ɗaya suka zubo, kowanne ya yi ƙiba luƙui. Irin wake kuwa, sai ƙwanso.

Ɗaya ya yi fit ya shige ƙafar wandon injiniya. Gamaliyel na tsalle, mai ganga ya ɗauka rawar murna ce, ya ƙara kiɗa. Fasto ya ɗaga sanda zai kai ɗauki, Keziya ta tare shi.

"Bar shi, Fasto. Yaro ne ya gane ubansa."