Kaset Ɗin da Bature Ya Bar Mini

Lokacin ina aiki a wata masaƙa a Bompai, wani injiniya Bature ya bar mini kaset na kiɗan na'ura zalla, babu mawaƙi, babu kalangu, sai wani amo mai jan rai. Tun daga ranar na fara kallon abokan aikina a matsayin ƙauyawa.

Na kunna shi a hutun azahar, musamman saboda Ladi, 'yar Jos da ke sashen ninke atamfa, wadda nake mutuwar so. Na lumshe ido ina zuba bayani.

"Ku saurari nan," na ce. "Rurin teku ke nan. Ba kowane kunne ke gane shi ba."

Na daɗe ina kaɗa kai kafin Bitrus, abokin aikina, ya taɓa kafaɗata.

"Malam, kaset fa ya ƙare tun ɗazu. Janareto aka tayar."

Ladi ta yi dariya har da hawaye. Ƙarshenta Bitrus ɗin ta aura, shi kuma ya kai labarin har gidana.

Masaƙar ta rufe tuntuni. Amma har yau, da maƙwabci ya tayar da inji, sai matata ta leƙo ta ce, "Maigida, fito, ga tekunka ya iso."