Yadda Alhaji Babandi Ya Rage wa Sanata Tumbi

Duk wanda ya ce ya san unguwar Sabo ta Ibadan amma bai san Alhaji Babandi Mai Wake ba, to a tasha ya tsaya, bai shigo unguwa ba. Wannan bawan Allah shi ne ɗan kasuwar waken da babu kamarsa a duk kasuwar Bodija. Shi da bakinsa ya faɗa, mu kuwa ba mu ga dalilin da zai sa mutum ya yi wa kansa ƙarya ba. Ƙungiyar masu wake ba ta taɓa zaɓensa ko da mai shara ba, amma tun ranar da ya buga kati ya rubuta Ciyaman a ƙarƙashin sunansa, kowa ya haƙura. A gabansa mukan ce ranka ya daɗe Ciyaman. In ya ba da baya kuma, sunansa Buhu Mai Hula.

Komai na Alhaji babba ne. In ya saka malum-malum ya shigo lungu, sai masu okada su ja da baya su jira ya wuce. In ya ɗaga waya zai yi magana da mutanensa na Dawanau, har masu gasa nama a bakin titi sai sun ji farashin buhu. Amma abin da ya fi alfahari da shi a duniyar nan ba mota ba ce, ba gidan bene ba ne. Muzuru ne.

Asalin muzurun nan na matarsa ne, Hajiya Zulaihat. Ita ta tsince shi a bakin kwata wata damina, ɗan mitsitsi, jiƙe sharkaf, ko kuka ba ya iyawa. Da auduga ta riƙa ɗiga masa madara har ya rayu. A lokacin Alhaji cewa ya yi a fitar masa da wannan ƙazanta daga gida. Sai da ƙazantar ta yi kumatu, gashinta ya fara sheƙi, sannan Alhaji ya tuna cewa shi tun yana ƙarami Allah ya sa masa tausayin dabbobi. Nan take ya raɗa masa suna Sanata, ya kuma karɓi ragamar ciyar da shi.

Kai jama'a, an ga ciyarwa! Da safe tuwo da man shanu, da rana kitsen rago, da yamma kan kifi da madara mai kauri. In baƙi suka zo daga arewa, kafin a kawo musu ruwa sai an shigo da Sanata a kan matashi, a ajiye shi tsakiyar falo. Alhaji ya gyara hannun riga, ya yi gyaran murya.

“Ku dube shi da kyau. Wannan kyanwa ce fa, kyanwa! In kyanwar gida ta kai haka, sai ku auna yadda mutanen gidan suke. Akwai masu kiran kansu alhazai a unguwar nan, wallahi in ka ga magensu sai ka yi mata sadaka.”

Baƙi su ce masha Allah, don su samu a kawo abinci. Shi kuwa Sanata yana nan kwance kamar tulun da aka lulluɓe da bargo. Ya daina hawa katanga, ya daina hawa kujera, daga baya ma ya daina iya lasar bayansa, har gashin wajen ya cukurkuɗe. Ɓeraye sukan bi ta gaban hancinsa su shiga sito, sai dai ya raka su da ido. Da aka yi wa Alhaji ƙorafi, cewa ya yi, “Yaushe kuka taɓa ganin sanata yana gudu a kan titi?”

Wata rana da hantsi Sanata ya tashi zai je wajen kwanonsa, taku biyar kacal, sai ya zube a tsakar gida, baki buɗe, numfashi yana fita da ƙara. Hajiya Zulaihat ta saki ludayin furar da take damawa ta sayarwa, ta rungume shi tana kuka. Ba kukan munafunci ba, kuka na gaske, don ita dai wannan dabba ɗa ta ɗauke shi. Ba ta jira izinin kowa ba ta ce sai asibitin dabbobi. Alhaji ya bi su, ba don tsoro ba a cewarsa, sai don likitoci su ga irin kiwon da ake yi a Sabo.

Likitar wata Bayarabiya ce siririya mai tabarau, ta iya Hausa daidai gwargwado. Ta ɗora Sanata a sikeli, ta duba, ta cire tabarau ta goge ta sake dubawa. Kilo tara.

“Alhamdu lillahi!” in ji Alhaji. “A rubuta mini a takarda.”

“Oti o, a'a, Alaji,” in ji likita. “Wannan ba abin murna ba ne. Kilo biyar ya kamata ya zama. In kuka ci gaba da haka, ba zai kai damina mai zuwa ba.”

Ta yi bayani dalla-dalla, tana kallon Hajiya, don ta lura ita ce mai kunne a cikinsu. Babu tuwo, babu kitse, babu madara. Ga busasshen abincin kyanwa na musamman, ƙwaya-ƙwaya. Gwangwanin madara ɗaya a yini, a shafe bakinsa, a raba shi biyu, rabi da safe rabi da yamma. Ruwa kuwa ya sha iya shansa. A riƙa jan masa zare yana bi ko da na ɗan lokaci ne. Kuma kada a kuskura a bar shi da yunwa wai don ya yi saurin ramewa, hantarsa ce za ta lalace. A hankali ake yi, wata da watanni.

Ana dawowa gida Alhaji ya karɓe buhun abincin ya kulle a ɗakinsa, ya saka makulli a aljihu.

“Awo za a koya mini? Ni? Shekara talatin ina awo a Bodija! Yarinyar nan ba a haife ta ba na san kongo, mudun Yarabawa, da gwangwani. Babu mai auna wa Sanata abinci a gidan nan sai ni.”

To, ga awon masana. Aka kawo gwangwanin madara daga kicin, Alhaji ya nutsa shi cikin buhu, ya cika, ya tula masa tozo har ƙwayoyi suna gangarowa. Sannan ya sa hannu ya damƙo wani ya watsa a kai. Hajiya ta ce, “Alhaji, likita fa cewa ta yi a shafe.”

“A shafe? Sai ka ce gidan matsiyata! Kin taɓa ganin an yi awo babu gyara? Ko Yarabawan nan da kike gani, a wajenmu suka koyi cewa jara. In na hana baƙo gyara a kasuwa ai na zubar da girmana, balle Sanata da yake cikin gidana.”

Bai tsaya nan ba. Ya zauna ya yi nazari irin na manya, ya gano cewa kilishi abu ne falle-falle marar kauri, don haka duk wanda ya ci shi dole ya zama siriri. Sai da Hajiya ta ɓoye ƙunshi uku kafin wannan ilimi ya kwanta. Ya kuma kawo shawarar Sanata ya riƙa yini cur babu ci sau biyu a mako, amma da Hajiya ta ji jerin abin da ya tanada na cike gurbi da yamma, har da hanta da ƙwai, sai ta ce a bar maganar don girman Allah.

Bayan wata guda aka koma sikeli. Kilo tara da ɗigo biyu. Likita ta daina murmushi. Ta ce wa Hajiya a gefe, “Alaja, ina gaya miki gaskiya, zuciyarsa ta gaji.”

Hajiya Zulaihat ta dawo gida. Makulli na aljihun Alhaji. Tozo da gyara kuwa, ta san ko ƙasa da sama za su haɗe ba zai fasa ba. Ta yi kwana biyu tana juya abin a ranta. A rana ta uku, Alhaji na karyawa, ta durƙusa gefensa ta yi ƙasa da murya.

“Alhaji, ni fa na gano matsalar. Gwangwanin kicin ɗin nan ne bai dace da hannunka ba. Yaya za a ce babban mutum kamarka yana awo da abin da muke zuba gishiri? Ka kawo naka na kasuwa mana, wanda kake auna wa jama'a wake da shi. Shi ne mai albarka.”

Alhaji ya ajiye cokali, ya dube ta da mamakin yadda mace ta yi wannan hankali. “Yau kin yi magana, Zulai. Da ma na san ba daga hannuna ba ne.”

Washegari gwangwanin kasuwa ya shigo gida, tsoho, baƙi ƙirin saboda shan hannu. Alhaji ya ci gaba da awonsa kamar yadda ya saba, cikawa, tozo, gyara, har da ɗan kirarin da yake yi wa kansa. Hajiya ta raba biyu, ta ja bakinta ta yi shiru. Da rana in ya tafi Bodija sai ta ɗaura tsumma a zare tana ja, Sanata yana binta da kyar.

Ikon Allah, sai ga tumbi ya fara sauka. Wata biyu, numfashi ya daina ƙara. Wata huɗu, aka kama Sanata yana lasar bayansa. A wata na shida sikeli ya nuna kilo bakwai, likita ta ce in aka ɗore a haka an tsallake. Hajiya ta yi sujadar godiya, ta soya waina ta raba wa maƙwabta.

Da a ce Buhu Mai Hula mutum ne mai barin alheri ya zauna lafiya, da shi ke nan. Ina! Sai ya ce dole duniya ta san ya kayar da boko. Ya sa ranar Lahadi bayan la'asar, ya gayyaci mutanen unguwa, ya aika wa likita mota. Hajiya ta roƙe shi har da hawaye a bar taron nan. Ya ce mata mata ba su san darajar tarihi ba.

Aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maza suka zauna, Ladan mai shayi ya matso da teburinsa. Matan unguwa suka cika soro suna leƙe ta bayan labule, yawancinsu masu ƙosai da alale ne da suke sana'a a cikin gida, kuma kusan dukansu a wajen Alhaji ake auno musu wake. A gabansu akwai Inna Madina, tsohuwar da ta fi kowa daɗewa a suyar ƙosai, wadda bakinta ba ya da linzami. Aka fito da Sanata, wannan karon da ƙafarsa. Alhaji ya miƙe.

“Jama'a, ga likita nan zaune, ba a bayanta nake faɗa ba. Ta ce a shafe, ni na ƙi shafewa. Na cika, na yi tozo, na yi gyara, kullum ta Allah har wata shida. Ga sakamako nan yana tafiya a gabanku. Wannan shi ake kira albarkar hannu, kuma ba a karanta shi a jami'a.”

Ya sa aka kawo buhu, ya yi awon a gaban kowa, yana ɗaga hannu sama don na baya su ga yawan gyaran. Ya juye a faranti ya miƙa wa likita yana murmushi.

Likita ta kalli farantin, ta ɗan karkata kai. Ba da wata manufa ba, wallahi, ita dai abin ne ya ɗaure mata kai. Ta ce wa Ladan don Allah ya ara mata gwangwanin madara guda wanda aka yanke bakinsa. Ya ɗauraye ya goge ya ba ta. Ta juye abin da ke farantin a ciki, a hankali, kowa na kallo. Cikawar Alhaji, da tozonsa, da gyaransa, duka suka shige. Suka tsaya cif a bakin gwangwani, a shafe, ko ƙwaya ɗaya ba ta yi sama ba.

“Ah, Alaji!” in ji ta da murna. “Ai daidai abin da na ce ne kake ba shi!”

Ta ɗauki gwangwanin kasuwa ta kifa shi. Gindin a dake yake, ya shige ciki har ana iya ɓoye ƙwai a wajen, bakin kuma an rage shi an goge sumul. Shekara da shekaru Alhaji yana rantsuwa a kan wannan gwangwani, har shi kansa ya yarda da rantsuwar.

Gumi ya keto wa Alhaji daga ƙarƙashin hula. Sai aka ji labulen soro ya motsa, Inna Madina ta leƙo da kanta tana tafa hannu a hankali.

“Allah ya saka da alheri, Ciyaman. Ashe mu ma shekara ashirin kana rage mana ƙiba, ba mu sani ba balle mu yi godiya.”