Idon da Aka Auna a Sikeli

"Ni Illa, in na buɗe idon akwatina, ƙudan da ke kan hancin mutum ma sai ya fito da ƙafafunsa shida! Daga bana babu ɗan Matameye da zai sake zuwa Damagaram neman hoto."

Haka taubashina Illa ya faɗa a bakin sikelin gyaɗa, yana murza gashin bakinsa mai kama da ƙahon rago. Ni Hamisu ina wurin, kunnena ya ji. Abin da ya sa na kawo maka maganar, abokina, har yau mutanen garin nan cewa suke ni na kai shi na baro. Ni! Mutumin da ko kaza bai taɓa ba shawarar banza ba. Zauna ka yi mana alƙalanci.

Illa dai cin rani ɗaya ya yi a Kano, wurin wani mai hoto. Aikinsa riƙe zanen da ake ratayawa a bayan mutane. Amma da ya dawo sai ga shi da tsohon akwatin hoto mai ƙafa uku da baƙin mayafi, yana taku kamar shi ya gina ganuwar Kano. Abu ɗaya ya rage masa: gilashin nan na gaba, wanda masu sana'ar ke kira ido, ya tsage tun a mota.

To akwai Sarjan Bawa, tsohon sojan Faransa, mai gwiwa ɗaya da rabi da sanda mai kan ƙarfe. An ce ya kawo hoton fuskarsa a manna a takardar fansho. Akawu zai tafi da takardun Damagaram ran Asabar ta sama, wanda bai kawo ba sai baɗi. Sarjan kuwa ya tsani hawa mota kamar yadda ya tsani kunu marar tsami. Da ya ji cika bakin Illa sai ya canjo kuɗin Ingila ya kira shi.

"Fam uku ne. Ba huɗu ba. Je ka sayo ido ka ɗauke ni. In Asabar ta wuce ban ga fuskata a takarda ba, kai ma ba za ka gane taka ba."

"Baba Sarjan, ka ɗauka an gama!"

Na raka shi Kano, don tausayi kawai. A Sabon Gari muka sami wani Bayarabe mai gyaran agogo, mutumin kirki, ya fito mana da ido biyu. Ɗaya bai fi kwabo ba. Ɗayan kuwa kamar murfin tukunyar miya.

"Ƙaramin nan shi ne na akwatinka," in ji shi. "Fam uku cif. Babban daga wani akwatin sojoji aka ciro shi, na ɗaukar abin da ke nesa ne. Fam biyu da sule goma, don na gaji da ganinsa. Amma ba na aikinka ba ne."

Ni abin da na ce kawai, Allah shaida: "Taubashi, mu fa 'yan gyaɗa ne. Ka taɓa ganin mun sayi abu ba a auna ba?"

Shi ke nan fa. Laifina ke nan a duniya.

Illa ya aro ma'auni wurin mai sayar da ƙusa. Aka ɗora babban a gefe ɗaya, ƙaramin a ɗayan. Aka ƙara wa ƙaramin kwaɗon ƙofa biyu da takalmin Illa, bai ɗaga babban ba.

"Ka gani!" in ji Illa. "So yake ya ba ni ɗan tsako a kuɗin zakara. Baban Agogo, Matameye muka fito, ba daji ba. Naɗe mini babban!"

"Na gaya maka dai."

"Naɗe!"

Sule goman da suka rage, tsire ya ci wani abu, sauran kuma na sayi wata hula mai aiki da ta dace da goshina. Hakkin mai ba da shawara ne, kowa ya san da haka.

Ran Alhamis muka dawo. Ido ya ƙi shiga ramin akwati. Illa ya ce ramin ne ya yi rowa, ya kira Idi kafinta ya faɗaɗa shi da zarto. Idi ya ce, "Ka san in na yanka ba ya komawa?" Illa ya ce wa ke son komawa baya. Aka yanka, aka sa ido. Illa ya tura kai cikin mayafi ya leƙa, bai ga komai ba sai wani dishi-dishi kamar ruwan tsari. Sai in ya zare idon ya miƙa shi gaba kamu ɗaya abu yake fitowa. Maƙeri ya yanka garwar kananzir ya naɗa masa bututu, aka liƙe da ƙaro. Akwati ya tashi daga akwati ya koma igwa.

Juma'a da hantsi Sarjan ya fito cikin kakinsa, lambobin yabo uku a ƙirji. Aka sa masa kujera kusa da sikeli. Ni kuma na tsaya bayansa da sabuwar hulata, don kada hoton ya yi muni. Illa na juyo bututun, Sarjan ya zube ƙasa ya rufe kai.

"Kai ɗan nema! Da irin wannan aka harbe mu!"

Da kyar aka mayar da shi kujera. Illa ya cire murfin ido, ya ƙirga uku, ya rufe, ya cusa hannu cikin akwati ya yi ta dama magunguna. Can ya zaro takarda a jiƙe, ya miƙa da hannu biyu.

Sarjan ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa. "Wannan ramukan gafiya ne?"

"Hancinka ne, ranka ya daɗe. Dubi yadda ya fito! Har gashin ciki ana ƙirgawa."

"Ina sauran nawa?"

"Suna nan tafe. Idon ne mai ƙarfi, sai na ɗan ja baya."

Ya ja taku goma, baki ya shigo. Ya ja ashirin, kunne ɗaya ya leƙo. Ya ratsa masu jiran awo, ya taka tabarmar Indo mai ƙosai, ta bi shi da matsami da zagi. Ya ƙetare hanyar mota. Sai da ya kai gindin tsamiyar masu jakai, inda Sarjan ya koma kamar ɗan tsuntsu a idonsa, sannan ya yi kururuwa:

"Ya cika! Har da hula!"

Ban san hular wa yake nufi ba, amma na gyara tawa.

Sai dai tsakaninsa da Sarjan yanzu rabin Matameye ne. Yana cire murfi raƙumi ya gifta. Ya sake, wata mai tallar nono ta tsaya daidai tsakiya tana tambayar me ake rabawa. Ya yi ihu, "Kada ka motsa!" Sarjan bai ji ba, ya taso ya tako rabin hanya yana cewa, "Me ka ce?"

Nan Illa ya kawo dabarar da ta fi duka. Ya ce a hau da Sarjan kan tarin buhunan gyaɗa, inda ba mai giftawa. Ƙarti huɗu suka ɗaga shi da kujerarsa, yana la'antar kakannin Illa ɗaya bayan ɗaya. Ni ban hau ba, don tsayi ba ya yi wa fuskata kyau, sai na bi taubashina. Illa ya koma bakin tsamiya, ya ɗaga bakin igwa sama, ya tura kai cikin mayafi. Rana kuwa tana nan daidai bayan kan Sarjan, tana kallon idon nan ido da ido.

Na fara jin ƙauri. Na ce ko ƙosan Indo ne. Sai na ga hayaƙi na fita ta ƙarƙashin mayafi.

"Taubashi, akwatinka na shan taba!"

"Rufa mini baki, aiki yake!"

Bai rufe nasa ba mayafi ya kama. Illa ya fito da gudu yana marin fuskarsa, ya yi karo da ƙafar akwati, igwa ta kife. Mai jakai ya juye masa ruwan da dabbobinsa ke sha. Da hayaƙi ya lafa sai ga Illa zaune cikin caɓi, ƙahon rago na dama ya tafi, na hagu na nan a murɗe, shi kaɗai kamar maraya. Can sama kuwa Sarjan ya ƙame, hannu a goshi, ya ɗauka hayaƙin na cikin aikin.

"An gama?" ya yi tsawa. "Na fito?"

Nan take kowa ya tuna bai yi alwala ba, aka watse.

Asabar da sassafe Sarjan ya hau motar da ya tsana, tare da akawu. Illa ne ya biya kuɗin motar, da kuɗin kekensa da ya sayar ran Juma'ar da dare, shi ne kuma ya riƙe masa gwiwa har Damagaram. A can wani mai hoto ya ɗauki Sarjan daga taku uku, da ido ɗan mitsitsi kamar kwabo. Takarda ta shiga a kan lokaci. Ni kuwa, da aka ƙwace hulata aka ce ta Sarjan ce tunda da kuɗinsa na saye ta, har yau ba wanda ya ce mini sannu.

Bayan kwana uku na leƙa gidan Illa. Na tarar da matarsa Saratu tsugune a tsakar gida, ta riƙe idon nan a rana bisa ɗan karmami. Kafin ka ce me, wuta ta tashi. Matan maƙwabta sun yi layi da kara a hannu. Illa na zaune a gefe, ya rufe rabin baki da rawani.

"Kun gani ko?" in ji shi, murya ƙasa-ƙasa. "Da ƙaramin na sayo, da zai iya wannan?"

Saratu ta ɗora tukunya, ba ta ko dube shi ba.

"Gaskiyarka, maigida. Tun da ka fara sana'ar hoto, yau ne ka kawo abin da ya dafa tuwo."