Zogalen Faransa

A shekarun da yarana suka kafe ba sa cin komai sai taliya da alewa, aiki ya kai ni Faransa. Can na sayo wani koren gari mai tsada a gwangwani, wai shi moringa. Ni da nake jin harsuna huɗu, ban ga dalilin tambayar kowa ba.

Da na dawo Ƙaura Namoda na tara iyalina, na ɗaga gwangwanin sama. "Wannan Turawa ke ba 'ya'yansu, shi ya sa ba sa laulayi."

Matata Hajiya ta lasa, ta dube ni. "Alhaji, mi kac ce sunanai?"

Na maimaita da lafazin Faransanci.

Ta nuna bishiyar da muke ɗaure akuya. "To ga moringa can tsaye, je ka gaishe shi. Zogale na!"

Yaran suka yi ta dariya har da faɗuwa. Don su tsokane ni, kullum sai sun nemi kwaɗon "ganyen Baba", har ya zame musu jiki. Alhamdu lillahi, sun girma lafiya, yau shi suke ba nasu 'ya'yan.

Jiya jikata ta miƙo mini kwano tana murmushi: "Tsoho, na Faransa za ka ci, ko na wajen akuya?"